Tayoyin da Duk Maraɗi Ta Sani

Washegarin juyin mulki, ina zaune wurin Sallau mai gyaran taya, sai ga wani dattijo da farar Fijo mai faffaɗan tayoyi. Shaddarsa ta sha guga, amma hularsa a karkace take. Yana kankare ragowar hoton jam'iyya daga gilashi, idonsa na kan titi.

Ya ce, "Cire su, sa mini sirara."

Sallau ya ce, "Alhaji, sirara nutsewa suke a rairayin hanyar gonarka ta Jiratawa. Waɗannan ke riƙe maka mota a kwana."

"Duk Maraɗi ta san tayoyin nan. Cire!"

A kujerar baya wata mace na rungume da jariri, ta ƙi ɗaga kai. Ina jin ba gona za su ba. Sallau ya dube ta, ya durƙusa, ya kama kwance noti.