Zakin da Ke Jiran Azumi

Duk mai zuwa gidan wasan nan na bayan kasuwar kayan lambu a Landan ya san zakin gidan, amma da wuya ka sami wanda ya san fuskar Barnaby Thwaite. Shi ne a cikin fatar. Tun yana saurayi yake shigarta, ya fito dandali da rarrafe, ya yi gurnani, jarumin wasa ya soke shi, gobe a sake. Matarsa Dorcas, mai ɗinkin tufafin 'yan wasa, ita ke toshe inda fatar ta yage.

"Mazan mutane sau ɗaya suke mutuwa, nawa kullum," in ji ta.

"To ki gode Allah, kina da miji mai dawowa cin tuwon dare," shi kuma ya ce, ko da yake burodi ne da cuku.

In azumin da Kiristoci ke yi kafin bikin Ista ya kama, akan hana wasan kwaikwayo ranakun Laraba da Juma'a. Sai a kulle kayan ɓad-da-kama, a jera bencina a dandali, makaɗa goge su zauna, a rera labarin annabawa da Ingilishi. Kowa ya tsaya da tufafinsa da fuskar da Allah ya ba shi. 'Yan wasa su yi ta ƙunƙuni, Barnaby kuwa bakinsa har kunne. Yana da murya mai zurfi, kuma yana cikin masu amshi, a sahun baya. Kowace shekara Dorcas kan buɗe akwati ta ciro baƙar kwat ɗinsa, ta kakkaɓe, ta goge maɓallan. Daga bayan labule takan tsinci muryarsa cikin dukan muryoyin.

Fatar nan ita ta cinye shi. Ƙura da hayaƙin kyandir suka zauna masa a ƙirji, tari ya kama shi. A gwajin waƙa na wata shekara ya tsinke da tari a daidai inda ake son shiru. Mista Crouch, shugaban mawaƙa, ya sallame shi.

Dorcas ta bi Crouch har bakin ƙofa, allura a hannu.

"Yallaɓai, mutumin nan shekara guda yake yi da ƙafa huɗu don ya tsaya da biyu a azumi."

"Baiwar Allah, ni waƙa na zo yi, ba jinya ba."

"To bar shi ya tsaya kawai. Me tsayuwa za ta rage ka da shi?"

Crouch ba mugu ba ne, gajen haƙuri ne da shi. Ya yarda Barnaby ya tsaya a gurbinsa, ya riƙa motsa baki, amma kada a ji ko uffan. Dorcas ta koma gida tana ganin ta yi abin kirki.

Ranar Laraba Barnaby ya sa kwat ya tsaya. Aka ɗauki amshin ƙarshe, wanda yakan rera mata tana wanke-wanke. Ta ga bakinsa na buɗewa yana rufewa, wuyansa ya kumbura don danne tari, hawaye na bin gemunsa. Ta kasa kunne kamar yadda ta saba, ba ta tsinci komai ba. Nan ta gane abin da ta roƙo masa, zuciyarta ta karye.

A gida ya tuɓe kwat ɗin ya miƙa mata.

"Ba wa wani, Dorcas. Gara fatar. A cikinta ko ba komai abin da ke fita nawa ne."

Ba ta ba kowa ba, ta mayar akwati.

Bayan Ista ya koma cikin fata. Tari ya kama shi a tsakiyar dandali, 'yan kallo suka kwashe da dariya, wai zaki ya yi mura. Suka yi ta tafi, suna a sake. Mai gidan wasa ya ce kada ya kuskura ya daina. Tarin da ya raba shi da waƙa shi ya sa aka fi son zakin, Dorcas kuwa in ta ji tafin sai ta toshe kunne.

Bai kai ƙarshen hunturu ba. Labari ya zaga gari cewa zaki ya mutu, har wasu suka ce kaico, amma ba ta ji wanda ya ce an yi rashin mawaƙi ba. Ita ta shirya shi da hannunta, ta sa masa baƙar kwat ɗin, ta hana a rufe fuskarsa sai da kowa ya gani.

Da azumi ya ƙarato, wata safiya ta ji masu aiki suna jan bencina zuwa dandali. Ta ajiye ɗinkinta ta yi gida da sauri, kamar kowace shekara. Sai da ta ɗaga murfin akwatin sannan ta tuna.