Giris da Ƴar Goma

Sunan da kowa ya san shi da shi Giris, saboda baƙin man da ba ya barin ƙarƙashin faratansa ko da wane sabulu aka wanke. Ni tela ne, shagona yana jikin gidansu, kuma tun muna yara muke tare. Shi ya shiga soja ya zama makanikin jirgin sama, irin manyan nan masu buɗe baki ta baya su haɗiye motoci da buhuna da sojoji. Bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. Yakan ce, "Su suna tashi da shi, ni nake sa su dawo."

Ni nake ɗinke masa gwiwar wandon aiki. Aljihu kuwa ya hana ni taɓawa, wai gara ya san inda hujin yake. Ban taɓa gane wannan magana ba, kuma ban tambaya ba.

Bayan ya yi ritaya ɓarin jikinsa ya shanye. A asibiti magana ta ƙi fita, sai abu ɗaya da yake ta maimaitawa yana fizgar zanin gado da hannun da ya rage masa: "Ƴar goma. Ina ƴar goma?" Ba ya barci, ba ya karɓar abinci. Likita ya ce in bai samu natsuwa ba, zuciyar ba za ta jure ba.

Matarsa ta ja ni bakin ƙofa. "Malam Tela, kai ne aminin ɓoye. Wace ce kuma Ƴar Goma? Bayan duk furfurar nan?"

"Wallahi uwargida ban santa ba."

"Ai ba za ka santa ba. Bakinku ɗaya."

Tana faɗa tana dariya, hawaye na zuba. Babbar ƴarsa ta ce wataƙila ɗaki mai lamba goma yake so a mayar da shi. Muka roƙa aka mayar da shi. Bai daina ba.

Sai da Saje ya zo dubiya, tsohon abokin aikinsa da har yanzu yake wurin. Yana jin kalmar ya cire hula ya zauna.

"Sifana ce," in ji shi. "Ƙaramar, mai lamba goma."

Ya yi mana bayani. A wurinsu kowane ƙarfen aiki yana da gurbinsa a jikin allo, an zana siffarsa da fenti. In aka tashi aiki aka ga gurbi ɗaya fayau, jirgin da aka taɓa ba ya tashi sai an samo abin, don sifana guda a cikin inji ta isa ta kawo jirgi ƙasa da duk wanda ke ciki.

Na ruga kasuwa na sayo sabuwa, na sa wa Giris a tafin hannu. Ya shafa ta da babban yatsa, ya sake ta ta faɗi ƙasa.

"Ba ita ba ce. Kar ya tashi."

"Wane ne kar ya tashi, mutumina?"

"Tsohuwa."

Na dubi uwargida, ta ce, "Ni dai ina zaune." Saje ya ce wani jirgi suke kira haka, wanda Giris ya fi daɗewa a kansa.

Washegari Saje ya shigar da ni wurin aikinsu. Rumfar jiragen ta fi kasuwar unguwarmu girma. Ya nuna mini allon, babu gurbin da ba komai, ƴar goma tana rataye a wurinta. Ya tambayi tsofaffin ma'aikata ko sifana ta taɓa ɓata a hannun Giris. Ɗaya ya ce bai taɓa ji ba. Ɗaya ya ce an yi haka, amma ba Giris ba ne. Na uku ya ce Giris ne, amma an same ta. Kaina ya ƙara ɗaurewa.

Tsohuwa tana can ƙarshen fili cikin ciyawa, tayoyi sun sace, an kwashe injinanta tuntuni. Duk da haka Saje ya sa aka kawo tsani, ya kwance murfin fiffike, ya zura hannu har kafaɗa. Ciyawar sheƙar tsuntsu ya fito da ita.

Na koma asibiti ban san me zan ce ba. Ƙarya ba ta zo mini ba. Na sunkuya daidai kunnensa.

"Giris, ba a ga sifanar ba. Amma na ga Tsohuwa da idona. Tana ƙasa. Saje ya ce ba za ta tashi ba."

Ya daɗe yana kallona. "Saje ya ce?"

"Saje ya ce."

Hannunsa ya saki zanin. Ya karɓi ruwa cokali biyu daga hannun matarsa, ya yi barci har da minshari. Bai ƙara kiran ƴar goma ba har ranar da Allah ya karɓi abinsa, a ƙarshen makon.

Har yau ban sani ba ko ya taɓa mantuwa da sifana a cikin jirgin nan, ko ciwo ne ya saka masa ita a kai. Uwargida ta ce in bar tambaya, tunda mutumin ya samu barcinsa. Allah ya sa wancan barcin ya fi wannan daɗi, mutumina.