Abin da Ya Kashe Safiyanu a Laberiya

Safiyanu ɗan ƙanena ne, a gabana aka yanke masa cibi a Auyo, don haka kada wani ya zo yana gaya mini wai tun yana goye jarumi ne. Yaron da in an shiga kwalekwale sai ya ƙanƙame ƙafar mai tuƙi. An taɓa kai shi gonar shinkafa korar tsuntsaye, suka cinye rabin gona yana sharar barci a gindin goruba. Da ya ce soja zai shiga, ubansa ya yi dariya har ya ƙware. Amma ya shiga ɗin, kaki kuma ya karɓe shi. Duk zuwan da zai yi sai ya kawo wa uwarsa Mairam atamfa, ni kuma sabulu, sai ka ce an gaya masa ba na wanka.

Aka tura su Laberiya rabon faɗa. Bayan wata bakwai sai ga abokin aikinsa, Muttaka, ɗauke da akwatinsa. A zaure ya faɗa wa maza gaskiya: amai da gudawa ne, kwana uku a asibitin sojoji, su suka yi masa wanka suka sallace shi. Ina bayan zana ina gyaran kifi, ba abin da ya wuce ni.

Mala, yayan Safiyanu, ya ga abin kunya ne a ce soja guda zawo ya kayar da shi. Ya shiga gida ya ce wa Mairam a daji aka harbe shi, bayan ya kashe mutum tara. Kafin sadakar uku sun zama goma sha biyar.

Mairam ba ruwanta da mutum tara. Tambayarta ɗaya ce: wanda ya faɗi a daji, wa ya wanke shi, wa ya rufe shi? Ta ce da ta rufe ido ungulu take gani. Ta daina cin abinci, koko ma sai an yi mata ɗura. Sati biyu ta koma kamar kara.

Na ce wa Mala ya je ya gyara ƙaryarsa. Ya ce ai mutuncin gida yake karewa. Na ce to ya dama mutuncin ya ba uwarsa ta sha, na wuce ɗakinta.

"Mairam, ba wanda ya harbi ɗanki. Zawo ya yi, a kan gado, da likita a kansa. Muttaka da hannunsa ya yi masa wanka, aka yi masa salla."

Ta daɗe tana kallona. "Yaya, ki rantse."

Na rantse.

"Da likkafani?"

Wannan kam ban ji an ambata ba, kuma rantsuwata ba ta kai nan ba. Na ce, "Sabo fil."

Sai ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da akwatin ya iso. Da ta gaji ta goge fuska da bakin zane, ta ce Allah ya jiƙansa, ta tambaya ko akwai sauran tuwo.