Yadda Na Ba 'Yan Kama Asirin Baƙona

Malam edita, bayan gaisuwa, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi wani abu da na aikata tun ina da ƙarfina. Abin da na jefa cikin haɗari a daren da zan ba da labarinsa shi ne ayari guda na Abzinawa, raƙuma wajen tamanin, masu sauka gidana kowace shekara da gishirin Bilma da dabino, da la'adar da nake samu a kan kowane kantun gishiri da suka sayar da kowace tiyar hatsi da suka saya, da kuma amanar tsohon madugunsu. A lokacin ban san ina jefa komai cikin haɗari ba. Ni a ganina liyafa nake shirya wa baƙina.

Wannan ya faru ne a Tanut, 'yan shekaru bayan an sami 'yancin kai, ina ɗan shekara talatin da 'yan kai. Ban gaji komai ba. Ubana manomi ne a wani ƙauye wajen Belbeji, na shigo gari da taguwa ɗaya na kama dako a kasuwa, daga dako na koma awon hatsi, daga awo na shiga dillanci. Tsohon madugun nan shi ya fara gwada ni da kayan raƙumi biyu, ya ga ban ci amanarsa ba, shekara ta zagayo ya durƙusar da ayarinsa duka a ƙofar gidana. Haka na zama mai masauki. Aikin mai masauki kuwa ba ba da ɗaki da ruwa kaɗai ba ne. Kai ke nemo wa baƙo mai saye, kai ke tsaya masa in rigima ta taso, kuma abin da idonka ya gani nasa a cikin gidanka, a gidan yake zama. Na san wannan sarai, ba wanda zai ce ban sani ba. Damuwata a shekarun nan ita ce wani mai masauki na unguwarmu, wanda ya gaji sana'ar kaka da kakanni, yana kallona ɗan dakon jiya. Duk shekara yakan ɗauko wa baƙinsa masu wasa, gari ya yi ta zancen. Na ƙudurta a raina bana a ƙofar gidana za a yi wasan da za a yi zancensa.

A shekarar tsohon ya iso ba yadda na san shi ba. Maganarsa ta yi nauyi kuma ta ragu, ya daina cin abinci tare da mutanensa, ya ce a riƙa kai masa nasa ɗaki. Wata rana da hantsi ya kira ni, ya sa na saki asabari, sannan ya sauke amawalinsa. Duk shekarun da muka yi tare ban taɓa ganin bakinsa ba, don kowa ya san Ba'abzine ba ya buɗe bakinsa gaban mutane. Ɓarin fuskarsa na hagu ya saki, bakin ya karkace, idon ɓangaren ba ya rufuwa sosai. Ya ce a hanyar dawowa daga Bilma ya farka ya tarar da kansa haka. Ya kira ni ɗansa, ya ce in nemo masa wanzami mai riƙon asiri ya yi masa ƙaho, in kuma ce wa mai ɗakina ta riƙa dama masa kunu mai ruwa-ruwa. Ya gaya mini dalilin ɓoyon ba tare da kwana-kwana ba: mutanen da za su bi ka cikin hamada inda kuskuren rijiya ɗaya mutuwa ce, ranar da suka ga alamar ciwo a jikinka ranar za su fara duba wanda zai gaje ka. Yana sa ran abin zai warke kafin baɗi. Na ce masa Baba, maganar ta mutu a nan.

Cikin makon wani ɗan kama ya shigo gari daga wajen Damagaram da abokan wasansa biyu da makaɗi. Na riga maƙwabcina, mai masaukin nan, kama shi. Muka zauna a zaure muka gama ciniki, sai ya zo kan abin da suka saba, wato mai gayya ya ɗan tsegunta musu halayen baƙinsa don su sami abin taɓawa, baƙin su ji an san da su. Na ba shi na wanda ke tsoron ƙarar mota, na ba shi na wanda ke taya kaya har mai sayarwa ya yi gyangyaɗi. Ya taɓe baki ya ce waɗannan ai ko yara sun san su. Ya ce bara a gidan maƙwabcina an ba shi abin da ya sa mutane suka riƙa birgima a ƙasa, ni kuwa sai ka ce waliyyai na saukar. Ya riƙa kirana Alhajin gobe, yana tambaya ina labarin babbansu, don wasan da bai taɓa babba ba ba ya tashi. Na ce ya bar tsohon nan. Ya ce to ya bari, amma me ya sa ake cewa yanzu a ɗaki yake cin abinci kamar amarya? Na yi dariya. Daga nan, ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya, na karkatar da bakina gefe guda, na ƙafe ido ɗaya, na langaɓar da kai, na nuna masa. Nan take na ce masa kada ya kuskura ya taɓa wannan. Ya dafa ƙirji ya rantse. Ni da na tsufa a kasuwa na san in ka buɗe wa mai saye haja mai kyau, hana shi da ka yi daga baya ƙara masa kwaɗayi ne, amma na bar rantsuwar ta rufe mini ido don tana yi mini daɗi.

Bayan sallar lisha aka shimfiɗa tabarmi a filin ƙofar gidana, na aro fitilu masu famfo guda biyu, aka ɗora shayi. Abzinawa suka zauna gefe guda, tsohon a gaba a kan buzun da na shimfiɗa masa, mutanen gari maza da mata suka kewaye. Zan faɗi gaskiya a kan wasan kamar yadda zan faɗe ta a kan kaya: farkonsa mai kyau ne. Sun fara da malami da ɗalibansa, yana ja musu karatu da muryar tilawa amma ba abin da ke ciki sai tuwo da miyar kuka da kilishi da man shanu, ɗaliban suna amsawa suna haɗiyar yawu. Har ƙanen liman da ya zo da niyyar ɓata rai sai da ya rufe baki da hannun riga. Sai na baƙauyen da ya fara ganin babbar mota, ya yanko mata ciyawa, yana tambayar direba ko ta taɓa haihuwa. Wannan ya shiga ran Abzinawa, don ba su ƙaunar motocin da suka fara cin hanyarsu. Na uku ni aka taɓa: dillalin da ke auna hatsi da babban yatsansa cikin tiya, yana rantsuwa da kabarin ubansa alhali uban na zaune a gefe yana tari. Na yi dariya da gaske, na tashi na manna masa kuɗi a goshi. Da a nan suka tsaya, da kuɗina ya biya.

Da dare ya soma nisa kayan suka soma lalacewa. Suka shiga zancen batsa da kwaikwayon gurgu, ba dabara ba komai, ga mata da goyo a wurin. Na soma tunanin in sa a tashi, sai na ga ɗan kaman ya ɗauko baƙin ƙyalle yana naɗa wa kansa har ya rage idanu kawai. Ya ɗauki sanda ya yi irin tafiyar tsohon, abokansa biyu suka duƙa suka zama raƙuma. Ya ɗaga kai yana duban taurari, ya nuna gabas ya nufi yamma. Har nan Abzinawa suna dariya, shi ma tsohon kafaɗarsa ta motsa. Sai aka miƙo masa ƙwarya. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya laɓe bayan tabarma, ɗaya daga cikin raƙuman ya fizge tabarmar. Ya sauke amawali, baki a karkace, ido ɗaya a ƙafe, ya kai ludayi, kunu ya biyo gefen bakin ya gangara gemu har ƙirji. Ya yi ƙoƙarin kiran raƙuma, maganar ta fito a dame, yawu na zuba, raƙuman suka watse. Ya sa yatsa yana kwashe kunun daga ƙirjinsa yana mayarwa baki.

Filin ya ɗauki ihu. Mutanen gari ba su san gaskiya ce ba, sun ɗauka ƙirƙira ce, suna ta buga cinya, wata mata kusa da ni har da hawaye. Da ya ga abin ya ci sai ya sake, ya kuma sakewa, kowane karo yana ƙara kunu. Ba gwaninta ko kaɗan a cikin abin, ƙato ne kawai yana zubar da kunu a jikinsa mutane suna shewa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda yake langaɓar da kai gefe. Tsohon ba ya yin haka. Ni na yi haka a zaure. Fuskata ce nake kallo a tsakiyar fili, da kunu a gemu. Na juya wajen Abzinawa na ga dariya ta ɗauke musu ɗaya bayan ɗaya. Su sun san ya daina ci tare da su, sun ji nauyin harshensa, yanzu an haɗa musu sauran. Ɗan 'yar'uwarsa, wanda ke bi masa a ayarin, ya daina kallon wasan, ya zuba wa ƙeyar tsohon ido.

Tsohon bai motsa ba har aka gama. Sannan ya yafuto ni, ya zaro kuɗi daga jakar wuyansa ya sa mini a hannu, ya ce maigida, ka kai wa mai wasa, ya yi aikinsa. Haka na ratsa filin nan gaban kowa na kai tukuicin. Da mutane suka watse na tare ɗan kaman a bayan zaure ina zaginsa, ina tuna masa rantsuwarsa. Ko a jikinsa. Yana goge gemu ya ce Alhajin gobe, kai ka tallata, ni na saya, a ina na taɓa ganin wanda ya sayi kaya ya tafi ya bar shi a rumfa? Ya ƙara da cewa in ina da wani irinsa baɗi ma yana so. Na biya shi cikon kuɗinsa.

Da safe na shiga wurin tsohon don in roƙi gafara. Ina buɗe baki ya tambaye ni nawa tiya ta kwana a kasuwa. Na sake gwadawa, ya tambaye ni ko mutumen Ollelewa ya zo ɗaukar gishirinsa. Haka muka yi har suka gama cinikinsu. Bai rage mini ko tamma a la'adata ba. Ranar da suka ɗaura kaya ya tsaya a ƙofa ya ce in yi wa mai ɗakina godiya, ta dama masa kunu kullum ba ta taɓa tambayar dalili ba. Iyakar abin da ya ce ke nan, ya hau raƙuminsa.

Da shekara ta zagayo ayarin ya shigo da ɗan 'yar'uwar a gaba, suka wuce ƙofata suka durƙusa gidan maƙwabcina. Na cire kunya na bi su. Sabon madugun ya gaishe ni da mutunci, ya ba ni shayi. Na tambayi tsohon, ya ce yana gida lafiya lau yana kula da ɗan lambunsa, bakin ma ya koma daidai tun kafin damina. Amma mutane sun riga sun zauna sun yanke shawara tun a hanyar komawa, kuma abin da aka yanke ba a tayar da shi. Labarin ya bi sauran ayarori. Daga shekarar ba Ba'abzinen da ya ƙara kwance kaya a gidana.

Ba zan yi ƙaryar cewa na talauce ba. Na koma sayen fata da ƙirgi, Allah ya buɗa, har na sayi mota, har na je Makka. Abin da ya sa na ɗauko maganar yanzu da tsufana shi ne jikokina da ke kwana gaban talabijin suna kallon masu ban dariyar dare. Kwanan baya na zauna tare da su, sai ga wani yana kwaikwayon mai shanyewar jiki, suna ta ƙyaƙyatawa, ni kuwa daren nan ya dawo mini kamar jiya, na tashi na bar ɗakin. Ba dariya nake ƙi ba. A taɓa dillali mai ha'inci, a taɓa mai rowa, a taɓa ni, duk halin da mutum ya zaɓa da kansa a yi masa dariya a kai. Amma duk lokacin da na ga an kawo ciwon wani fili, na san akwai wanda aka amince wa ya gani, shi ya kai. Don haka gargaɗina ba ga masu wasa yake ba, su sana'arsu suke yi. Gare mu yake, masu masauki da wanzamai da ungozomomi da direbobi da duk wanda mutane ke buɗe masa abin da suke rufe wa duniya. Kada ka ba mai neman abin dariya asirin wani sannan ka ce kada ya taɓa. Da ka nuna, ka sayar.

Ga lissafin yadda ya tsaya. Ribata ita ce garin ya yi kamar wata guda yana zancen wasan ƙofar gidana. Hasarata ayari da sunana a wurin Abzinawa, kuma kuɗin wannan na mayar da shi a fata cikin 'yan shekaru. Shi kuwa tsohon ya rasa hanyar da yake bi tun yana saurayi, ya zauna a lambu da lafiyarsa da bakinsa daidai yana kallon ayari na tashi ba shi, har ya rasu. Wannan ban iya mayar masa da ko taku ɗaya a ciki ba.