Azumin Inna Dudu Daga Bakin Ruwa

Ranar Larabar Toka kowa ya ga alamar gicciye a goshin Inna Dudu, ni kuwa kujerarta na lura da ita. Kullum a ƙofar ɗaki take, tana fuskantar tafki. Ran nan na tarar an juya ta, tana kallon danga.

Inna Dudu yayar mahaifiyata ce. A gungu aka haife ta, tsakiyar kogi, a can ta auri Tamada, suna noman albasa suna ban ruwa da ƙwarya. Suna cikin na farko da suka karɓi baftisma a hannun wani Fada mai zuwa a kwalekwale. Tamada ya rasu ana gab da rufe madatsar Kainji, aka binne shi a gindin tsamiya. Da ruwa ya taso, aka kwashe mutanen gungun zuwa tudu kusa da Warra, cikin gidajen siminti masu zafi. An ɗauko tukwane da awaki, amma kabari ba ya ɗaukuwa.

Tun daga nan, kowace la'asar sai ta gangara bakin tafki ta tsaya tana kallon inda gungun yake a da. Ta bar noma, ta bar kasuwa, abinci sai an matsa mata. Da na dawo hutu daga Zariya, mahaifiyata ta ce mini, "Ruwan nan bai haɗiye ta ba, amma yana cin ta a tsaye."

Ran Larabar nan a majami'a, katikis ya sanar cewa azumi ya shigo, a bar nama ranar Juma'a. Inna Dudu, wadda ta daɗe ba a ji muryarta ba, ta ɗaga kai.

"Malam, wane nama? Mu da kifi munka tashi. In wannan ne azumi, tun haihuwa nike cikinsa."

Aka yi dariya. Katikis ya ce, "To, kowa ya nemi abin da barinsa zai yi masa zafi, ya ba Allah." Ta dawo gida ta ce ita da bakin ruwa sai bayan Ista.

Abin bai zo da sauƙi ba. La'asar na yi, ƙafafunta su kai ta har ƙofar gida. Sai ta tsaya, ta damƙe carbi, ta juyo. Don ta cika lokacin, ta riƙa ɗebo wa wata tsohuwa makauniya ruwa a rijiya, daga baya ta haɗa da sharar filin majami'a. Aiki ya kawo yunwa, ta fara cinye tuwonta.

A Mako Mai Tsarki ruwan tafki ya ja baya fiye da yadda aka saba. Ɗahiru, ƙanen Tamada, Musulmi ne kuma masunci, ya faɗo gidan wandonsa a jiƙe.

"Matar yaya, tashi! Kan tsamiyarku ya fito, da idona na gani. Jirgi na jira."

"Ba ni zuwa. Ina azumi."

"Wane irin azumi ne wanga, ga tuwo a hannunki? Ke da ke wuni can tsaye kamar zalɓe?"

"Irin wanda bakinka ba ya iyawa, sarkin surutu."

Ɗahiru ya daina dariya, ya durƙusa kusa da ita. "Dudu, itacen ya ruɓe, iska na karya rassan. Mako mai zuwa ƙila ba ki tarar da komai."

Ta ajiye kwanon.

"Je ka yi wa yayanka addu'a irin taku, Allah na ji," in ji ta. "In na shiga jirgin nan, wadda za ka maido ba ta ƙara tashi. Kuma abin nan Allah na ba kyauta, ba aro na ba shi ba."

Ɗahiru ya miƙe, ya goge fuska da hula, ya fita shi kaɗai.

Inna Dudu ta wanke hannu, ta leƙa ta kan danga ta kira maƙwabciyarta Hansatu, ta ce in ta gama daka ta zo da mataji. Da la'asar ta zauna a tabarma, ta kwance ɗankwali, aka yi mata kitso.