Hular Bindiga da Sallar Mutanen Ruga

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa a kan wannan magana. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, kuma abin da zan faɗa ba na alfahari ba ne. Amma waɗanda suka san abin suna ta raguwa, shi ya sa na daure.

A ƙauyenmu, tsakanin Magariya da Dungas, gidanmu ne ke harba bindigar ganin wata. In an ga jinjirin wata, liman ya tabbatar, sai a aiko a harba sau ɗaya. Da wannan ƙarar mutanen rugar Fulani da ke hayin korama suke sanin gobe azumi ne ko Sallah. Da mahaifina ya rasu, aikin ya dawo kaina, ina da aure da 'ya ɗaya.

Bindigar ta ɗuri ce, ta baki ake zuba mata albarushi a danna da tsumma. Amma ba ta tashi sai an kifa mata wata 'yar hula ta jan ƙarfe, ba ta kai ƙwayar wake ba, wadda kunamar bindigar ke sara ta ba da wuta. Mu hula muke ce mata.

Bayan babban fari hular nan ta yi wuya. A da, dala ɗaya kan sayi da yawa. Sai ta koma guda dala, ta koma dala uku, daga baya ko da kuɗinka sai ka yi rantsuwa. Mai sayar da ita a kasuwar Magariya, wani mai teburin ƙusa da kwaɗo, kullum cewa yake 'yan duwan, wato kwastan, sun tsare hanya. Maharba suka koma kankare kan ashana suna naɗewa a takardar taba mai ƙyalli. Na gwada sau ɗaya, na rasa rabin gira. Ban da haka, wani lokaci ta tashi, wani lokaci ta ƙi, ni kuwa azumin jama'a ke hannuna.

A shekarar da nake magana azumi ya faɗo cikin damina. Da ƙyar na samo hula biyu ta Sallah. Mai teburin ya ce, "Ɗan'uwa, ka riƙe su kamar ido. Daga nan har Kano ba ka samun ta uku."

Na naɗe su a auduga, na sa a gwangwani, na rataye a rufin ɗaki. Sai tunani ya fara. In raɓa ta shiga fa? Na shanya su a rana. In rana ta kashe su fa? Na mayar inuwa. Matata ta ce, "Malam, ko jaririyar nan ba a juya ta haka. Ka goya su mana ka huta."

Ran ashirin da tara ga azumi, tun hantsi na ɗura albarushi, don kada a aiko ina kame-kame. Da magariba hadari ya rufe yamma, mutane suna bakin masallaci suna ta leƙen sama. Ni ina gida, na sha ruwa, zuciyata ta ce mini: tunda biyu ne, gwada ɗaya. Hula ita kaɗai ƙararta ba ta fi tafi ba, ba mai ji. Na zagaya bayan rumbu, na kifa ta, na ja.

Na manta da ɗurin safe.

Ƙarar da ta tashi ban taɓa jin irinta ba. Na faɗi zaune cikin kuɓewa, jaki ya tsinke igiya. Kafin in miƙe, mata sun fara guɗa a maƙwabta. Liman ya shigo da takalmi ɗaya.

"Wa ya aiko ka? Wa ya ga wata?"

"Allah gafarta malam, gwaji nake."

"Gwaji? Da azumin mutane?"

Cikin gari an yi shela cewa kuskure ne. Ruga fa? Na nufi can da gudu, sai ruwa ya kece, korama ta cika har ta fi ƙarfin ƙetarawa. Sai da hantsi na haye, ruwa iya ƙirji.

Na tarar sun sauko daga idi, kowa da sabuwar riga, ƙwaryar fura na zagayawa. Ardo, dattijon rugar, abokin mahaifina ne. Ya ce, "Barka da Sallah, ɗana! Kai, jiya ka ɗura mata da kyau, har shanu suka watse. Zauna ka sha."

"Baffa, ina azumi."

Ya sauke ludayi. "Kai ka harba, kuma kai ke azumi?"

Na faɗa masa gaskiya. Ya dubi furar, ya dube ni. "Yanzu ka tabbata watan bai tsaya ba?"

"Ba a gani ba, Baffa. Hadari ne."

"To, ba a gani ba daban, bai tsaya ba daban." Ya ɗaga ludayin ya ci gaba. Wata tsohuwa ta ce in zo baɗi ma in yi gwajin, amma tun ran ashirin.

Liman ya ce su rama kwana ɗaya, ni kuma in bi bukka bukka in sanar. Na bi. Wasu suka ce to, wasu suka ce wani falke ya gaya musu an ga wata a daren can wajen iyaka. Kafin in gama bin sauran, kaka ta yi, rugar ta tashi. Daga shekarar, bindiga na gidana, hula na aljihun liman, sai an ga wata yake miƙo mini da hannunsa.

Ga roƙona ga mai karatu. In akwai wanda ya tuna Sallar da ruwa ya cika koramu tsakanin Magariya da Dungas, a shekarun bayan fari, ya taimaka ya gaya mini ko an ga wata a wani gari daren talatin. In kuwa iyayenka na rugar nan ne, tambaye su ko sun rama. Ni na rama kwana ɗaya a madadinsu, amma liman ya ce ba a yin haka.