Masaƙin Zurmi

Jama'a, yau kunya ta kusa kashe ni!

Na raka baƙin ofishinmu 'yan Legas kallon sana'o'in gargajiya a Zurmi. Muka iske wani tsoho yana saƙa. Ina ta zuba ma baƙi Turanci, sai na ce masa, "Baba, cire tabarau da agogo, hoton zai fi yin gargajiya."

Bai yi musu ba, ya cire. Muka ɗauka.

Sai ya ƙura mani ido ya ce, "Ba Lawali na Dauran ba ne? Ni ne Malam Bawa, wanda ya koya maka Turancin nan a aji ukku."

Innalillahi! Nan na durƙusa gaban baƙin.

Ya ce, "Hoto dai ya samu, Lawali. Saura gaisuwa."